Kawu Ba Ya Alfarma

Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma, mai riƙe da alƙalami da mai riƙe da zarto duk hanya ɗaya. Kawuna, wan mahaifiyata uwa ɗaya uba ɗaya, ya rasu ranar wata Laraba da hantsi bayan gajeriyar jinya, aka yi jana'izarsa bayan la'asar a ƙofar gidansa na Badarawa, a nan Kaduna. Farfesa ne a fannin ilimi. Duk rayuwarsa ta aiki a kan tambaya ɗaya ta ƙare: me ya sa ɗan wane yake samun makaranta, ɗan wane kuma ba ya samu? Jaridu sun rubuta nasu, ɗalibansa sun rubuta nasu da Turanci. Ni kafinta ne a Hayin Banki, karatuna a sakandare ya tsaya. Amma ni ma na san mutumin nan ta wani gefen da su ba su sani ba, kuma ba na son a manta da shi ta gefen nan ma.

Layin gidan Kawu matsattse ne, mota biyu ba sa wucewa tare. Manyan motoci a bakin titi suka tsaya, masu su suka tako da ƙafa, suna tattare babbar riga suna tsallake kwata. Telan da ke daura da gidan ya rufe shago ya zo ya zauna, yana ta cewa, “Ashe haka Malam yake da jama'a? Mu nan mun ɗauka tsohon malamin firamare ne.” A cikin gida matarsa, Hajiya, tana karɓar gaisuwa har muryarta ta dishe. Mahaifiyata kuwa, da muke kira Inna, ta samu lungu ta zauna da carbi, ba ta kuka, ba ta magana. Ni na kwaso bencuna daga shago a bayan a-kori-kura na jera a ƙarƙashin rumfa, ni ne mai cika butoci. Ba wanda ya san ni cikin baƙin. Wani mai farin gilashi har ya miƙo mini makulli ya ce in je in gyara masa fakin.

In faɗi gaskiya, ba mutuwar kaɗai ke cina a ranar ba. 'Yata ta fari tana son karatun harhaɗa magunguna. Bara ta zauna jarrabawar shiga jami'a, makinta ya kai, sunanta bai fito ba. Bana ta sake zama, makin ya ma fi na bara, ana ta fitar da sunaye, mu shiru. A duk duniya mutum ɗaya na sani da zai ɗaga waya a saurare shi. Yana raye ya ƙi. Yanzu kuma ga shi da hannuna aka saka shi a kabari.

Rana ta biyu ta zaman makoki ce ta kawo abin da ya sa nake wannan rubutu. Mu irin ta'aziyyarmu an san ta: ka yi sallama, ka zauna, a ɗaga hannu a yi addu'a, ka ce Allah Ya ba da haƙuri, ka ɗan jima ka tashi. To 'yan jami'a ba su iya ta'aziyya a zaune ba. Sai sun miƙe tsaye, sun gyara murya, sun yi bayani kamar suna gaban aji. Ranar nan bas guda suka cika suka zo, suka yi ta miƙewa ɗaya bayan ɗaya.

Wanda ya fara wani farfesa ne dogo, Kirista, daga ƙetaren kogin Kaduna, wanda aka ce shi ne babban ɗalibin Kawu, kuma shi ya gaji kujerarsa. Da Hausa ya yi magana, Hausa mai kyau. Ya ce, “Na zo jami'a da takarduna a cikin leda, ban san kowa ba. Makina ya gaza da kaɗan, an ce in koma gida. Malam ya gan ni zaune a kan matakala, ya tambaye ni daga ina nake. Ya kama hannuna har ofishin masu ɗaukar ɗalibai, ya ja kujera ya zauna, ya ce ba zai tashi ba sai an sa sunana.” Sai kuka ya ci ƙarfinsa. Kukan gaskiya ne, ban ji haushinsa ba. Amma na dube shi da kyau, na ga sa'ana ne. Ƙila ma shekara ɗaya muka je jami'ar nan da takardu.

Bayansa wata Dakta a keken guragu ta ce ita Malam da kansa ya ɗauki takardunta ya hau bene da su, ya sauko da gurbi a hannu. Wani ya ce ƙaninsa aka taimaka. Wani ya ce 'yar direbansa. Can sai wani tsohon kwamishina mai ƙiba, da ko miƙewa bai yi ba, ya ce daga kan kujera yana murmushi, “Ai Farfesa mutum ne mai sauƙin kai. Ɗana na biyu da makinsa ya yi ƙasa sosai, waya ɗaya na yi wa Farfesa. Yau yaron lauya ne a Abuja.” Jama'a suka ce Allah Ya saka masa da Aljanna.

Ina tsaye da buta a kowane hannu. Mai facin da ke maƙwabtaka da shagona, wanda ya rako ni karɓar gaisuwa, ya matso ya ce a kunnena, “Oga, ba wannan ne kawun naka da ba ya alfarma ba? Ko gidan muka ɓata?”

Na ajiye butocin a hankali.

Bari in koma baya, don wanda bai san mu ba. Mahaifina ya rasu ina firamare, ya bar Inna da ni da ƙannena. Kawu lokacin ƙaramin malami ne a jami'a, ba a garin nan ba. Duk ƙarshen wata sai mun ji ƙarar tsohuwar motarsa tun daga kwanar layi. Shi ya koya mini karanta jarida, a kan tabarma, yana bin layi da ɗan yatsa. In na gama karanta labari ba ya cewa na yi daidai, sai ya ce, “To, wa ya ci riba a labarin nan, wa ya faɗi?” Mutum ne mai cin gyaɗa kamar kurege, ƙasan motarsa duk ɓawo. Ba son gyaɗar ne kaɗai ba. In ya ga yarinya da faranti a ka a lokacin da ya kamata a ce tana aji, sai ya taka birki ko a tsakiyar titi ne, ya saya, ya tsaya yana tambayarta a aji nawa ta bari, wa ya ce ta bari, makarantar ce da nisa ko banɗaki ne babu. Na bayansa suna ta danna hon suna zagi, shi ko a jikinsa. Hajiya takan ce, “Mutumin nan wata rana 'yan talla za su sa a daki motarsa ta baya.” Ya tsani a ce masa ranka ya daɗe. Ya ƙi gida a unguwar manya, ya ce shi cikin mutanen da yake rubutu a kansu zai zauna. Maganarsa da kowa ya sani ita ce, “Makaranta ba sadaka ba ce da za a yi wa talaka gori, haƙƙinsa ne.” Ni a lokacin, da za a tambaye ni kamar wa nake so in zama, ba zan yi dogon tunani ba.

Da na gama sakandare, Turanci ya kayar da ni, da kaɗan. Sauran darussa duk na ci. Na hau mota na same shi a ofis. A shekarun nan yana cikin kwamitin da ya tsara yadda za a riƙa ɗaukar 'ya'yan yankunan da aka bari a baya, da mata, da masu naƙasa. Na miƙa masa takardar da hannu biyu. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya tura gilashinsa kan goshi.

“Ka yi ƙoƙari, ɗana.”

“Kawu, an ce akwai ajin share fage. An ce in wani ya yi magana ana ɗauka.”

“Wa ya ce?”

“Kowa ma ya ce.”

“Ni na rubuta ƙa'idar nan da hannuna. In na karya ta saboda ɗan ƙanwata, da wane baki zan tsaya gaban gwamna in ce ya daina cusa 'ya'yan abokansa? Ni ba na alfarma. Koma ka sake zama.”

Ya kai ni gida na ci tuwo, ya raka ni tasha da kansa. Na sake zama, Turancin ya sake kayar da ni. Lokacin ƙannena sun taso, Inna ƙosai take soyawa a bakin layi, na ga zama bai kama ni ba, na tafi koyon kafinta. Ba zan yi wa mamaci ƙarya ba: bai hana ni ƙara gwadawa ba, ni na gaji. Kuma na yarda da maganarsa. Wannan shi ne abin. Na yarda da ita ɗari bisa ɗari, na rungume ta shekara talatin da wani abu.

'Ya'yansa na cikinsa su ma bai yi musu alfarma ba, gaskiya ne. Ba su buƙata. Yaron da ya tashi a gidan da littafi ya fi kwano yawa, ga malamin lesin kullum da yamma, Turanci ba ya kayar da shi.

Wata rana ina shago ina buga bencin wata makaranta, rediyon mai faci yana kunne, sai na ji muryar Kawu ana hira da shi kan cuwa-cuwar ɗaukar ɗalibai. Ya ce, “Ni ɗin nan, ɗan ƙanwata ya zo mini da takarda, na ce ba na alfarma. Yau kafinta ne a Hayin Banki, yana cin halal ɗinsa. In ni na iya, kowa zai iya.” Mai faci ya yar da tayar da ke hannunsa ya leƙo. “Oga, ka shiga rediyo. Yau rake a kanka yake.” Na saya musu raken kuwa. Na bi layi ina cewa kawuna ne. Daga baya na ji ashe ba a rediyo kaɗai ba. A aji, a taro, har ƙasar waje, duk inda zai yi lacca kan adalci a harkar ilimi sai ya ba da labarin kafintan nan. Ban ji zafi ba. Na ɗauka yaƙi ake yi da zalunci, kowa da abin da ya bayar, ni nawa kason ke nan. Na ɗauki kaina ragon layya. Ban san a garken duka ni kaɗai aka yanka ba.

Wani lokaci yakan kawo ɗalibansa shagona, har da wasu Turawa da suka zo bincike. Su zauna a kan bencunan da ban gama ba, dusar katako tana manne musu a wando, su ajiye mini na'urar ɗaukar murya, su ce, “Yaya kake ji a ranka da ba ka ci gaba da karatu ba?” Ni kuma in sayo musu lemo in zauna in amsa. Ɗaya daga cikinsu ta ɗauki hoton tafin hannuna. Ban san inda hoton yake ba yanzu.

Amma abin da yake nasa ba zan ƙwace masa ba. Shekarun da garin nan ya rabu gida biyu, kowa ya kwashe iyalinsa ya koma ɓangaren kogin da masu addininsa suke, Kawu ne na sani da yake tsallaka gada kusan kullum in ya shigo garin. Yana shiga makarantun can da na nan, yana duba yadda aji ya koma kala ɗaya, yaro ya gama firamare bai taɓa zama benci ɗaya da wanda ba addininsu ɗaya ba. Ya faɗa a fili cewa wuta muke rufewa da toka. Na can suka ce ɗan leƙen asiri ne, na nan suka ce ya sayar da addini. Har an taɓa fasa masa gilashin mota. Washegari ya liƙa leda ya sake tsallakawa. Ba matsoraci ba ne.

Ba kuma marowaci ba ne. Ranar da za a haifi 'yar tawa, matata ta zubar da jini sosai, asibiti suka ce a nemo jini, nawa kuma bai dace ba. Kawu yana tsakiyar wani taro a nan Kaduna aka gaya masa. Ya baro taron da babbar rigarsa, ya zo ya naɗe hannu ya kwanta. Allura tana hannunsa yake ce wa nas, “A ƙara mata a hankali, jinin farfesa ne, kada ta farka ta kama yi muku lacca.” Shi ya yi wa jaririyar huɗuba. Tun daga nan yake kiranta amaryarsa, irin wasan kaka da jika, in ya zo sai ta caje masa aljihu ta kwashe gyaɗa. Jinin jikinsa ya iya ba ni. Kalma ɗaya ce bai iya ba.

Rigimarmu ta ƙarshe bara ce, washegarin babbar Sallah, a falonsa. Lokacin ya yi ritaya, amma masu riƙe da ofisoshi duk yaransa ne. Na bari sai da aka kawo nama, sannan na ce, “Kawu, maganar amaryarka ce. Wannan karon makin ya kai. Ba ƙari nake nema ba, a duba kawai.”

“In ya kai, me kake nema a wurina? Tsari zai yi aikinsa.”

“Wane tsari? Wanda ka cika kanta da littattafai kana cewa ba ya aiki?”

Ya yi dariya har gilashinsa ya zamo. “Ka ga, da ka yi karatu da lauya za ka zama.”

Na ce, “Wa ya hana ni?”

Hajiya ta tashi ta shiga ɗaki. Shi kuma bai ɗaga murya ba, ya ce, “Na ɗauka kai ka fi kowa fahimtata.” Na ajiye tsokar da ke hannuna, na wanke hannu na fita. Ban sake taka gidan ba, sai da aka ce yana asibiti na je. Na same shi ya rame, magana da ƙyar. Ya ce, “Ina amaryata? Sunan ya fito?” Na ce bai fito ba. Ya ce, “Zai fito.” Ita ce maganarmu ta ƙarshe.

Ranar uku, bayan an yi addu'a an fara watsewa, na shiga wurin Inna na tsuguna. Na ce, “Inna, kin ji abin da baƙin jiya suka faɗa?”

“Ba sai na ji ba. Na sani tun kana saurayi.”

“Kin sani?”

“Hajiya ba ta ɓoye mini komai. Kuma abin da kai ba ka sani ba, bayan ka dawo daga wurinsa da takardar nan, ni ma na je. Har ƙasa na durƙusa wa Yaya. Ya ɗaga ni ya ce in daina, mutane suna kallonsa.” Ta ja carbi. “Yayana in ya taimaki bare, sai a ce adali. In ya taimaki nasa, sai a ce son kai. Shi kuma ya fi tsoron wannan kalmar a kan ya ga hawayena.”

“To me ya sa kika bar ni ina yawo ina alfahari da shi?”

“Da me kake so ka riƙe? Gara ka zauna da alfahari da ka zauna da abin da nake zaune da shi. Yanzu dai ya tafi inda ba zai iya amsawa ba. Ka yafe masa.”

Na ce mata zan gwada.

Ina fitowa zaure sai ga dogon farfesan nan tare da babban ɗan Kawu. Ɗan Kawu ya nuna ni ya ce, “Ga ɗan'uwanmu na Hayin Banki.” Mutumin ya tsaya cak. “Kai ne kafintan?” Ya kama hannuna da hannu biyu yana girgizawa. “Ai mu mun san ka shekara da shekaru. Babu ɗalibin da ya bi ta hannun Malam bai san labarinka ba. Ni ma ina ba nawa ɗaliban.” Ya ce suna shirya taron tunawa da shi a jami'a, za a karanta maƙalu, za a sa wa cibiyar bincike sunansa. Abin da ya rage musu shi ne a ji daga bakina. “Ka tsaya ka faɗi yadda ya ƙi yi maka alfarma. Ba wata shaida da ta kai wannan.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, jiya da kunnena na ji ka ce ya kai ka ofis, ya zauna sai da aka sa sunanka.”

“A'a, wannan ai daban ne. Ba alfarma ba ce, gyara ne. Mu daga yankin da aka bari a baya muka fito.”

“Ɗan kwamishina fa, a ina aka bar shi?”

Ya yi tari, ya dubi agogo. Sai ya ce, “Yara fa, suna karatu dai ko?” Na gaya masa maganar 'yata. Ya riƙe haɓa. “Jikar Malam tana zaune a gida? Haba. Turo mini lambar jarrabawarta yau ɗin nan, wannan ƙaramin abu ne.” Bai ce sai na yi magana a taro zai yi ba. Ni ma ban ce ba. Amma na tsufa ina ciniki da masu makarantu, na san lokacin da aka ƙulla ciniki ba a ambaci farashi ba.

A gida na gaya wa matata cewa in na je taron nan gaskiya zan faɗa, kowa ya ji. Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, “Ka faɗa mana. Su koma gida da digirinsu, kai ka dawo da gaskiyarka, ita kuma ta ci gaba da taya ni wanke-wanke. Kai ka sha naka, Malam. Ita me ta yi?” Yarinyar tana ɗaki tana jin mu. Na tura lambar.

Ranar taron na sa kaftanin Sallah. Babban ɗaki ne mai sanyin na'ura har cikin ƙashi, ga hoton Kawu ya cika bango. Suka yi ta karatu da Turanci, ina tsintar abin da zan iya: daidaito, haƙƙin ɗan ƙasa, yaran da aka bari a baya. Aka kira ni. Na hau, na riƙe abin magana, na ga duk waɗanda suka yi bayani a ƙarƙashin rumfa a Badarawa jere a sahun gaba, kwamishina a tsakiya. Na ba su labarin takardata da ofis da tuwo, yadda suke so, ban ƙara ba, ban rage ba. Na rufe da cewa, “Kawuna mutum ne da ba ya alfarma.”

Suka miƙe tsaye suna tafi. Na bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya ina neman wanda zai sunkuyar da kai. Babu. Kwamishina ya fi kowa daɗewa yana tafi. Daktar nan tana share hawaye. Abin da ya fi ba ni tsoro, ba riya suke yi ba. Sun yarda. Mutanen da aikinsu ke nan, su gano wa aka tura gaba, wa aka bari a baya, su auna shi su buga a littafi, ga shi tsaye a gabansu da kaftani, suna yi masa tafi. Da aka tashi aka ba ni shinkafa a roba da kalanda mai hoton Kawu.

Wata bai ƙare ba sunan 'yata ya fito, a harhaɗa magunguna, yadda take so.

Ni na raka ta tashar Kawo da akwatinta da katifa a naɗe. Muna tsaye muna jiran mota ta cika, 'yan kamasho suna ta kiran fasinja, sai ta ce, “Baba, in tambaye ka?”

“Ina ji.”

“An ce gurbin fannin nan a ƙidaye yake, ba a ƙarawa. In an sa ni, wa aka cire?”

Na ce, “Ban tambaya ba.”

“Ba ka tambaya ba?”

“Makinki ya kai ko bai kai ba?”

“Ya kai. Wadda aka cire ma ai ƙila nata ya kai.”

“Wata 'yar talaka ce irinki, wadda ba a yi wa ubanta mutuwar farfesa ba. Shiga mota, ki je ki yi karatu.”

Ta shiga ta zauna gefen taga. Ba ta ɗago mini hannu ba sai da motar ta kai bakin titi.

Duk ranar da na je gaishe da Inna sai ta tambaye ni ko na yafe. Ina ce mata ina kan hanya, kuma ba ƙarya nake ba. Wata rana in tashi da asuba na yafe, kafin azahar abin ya dawo. Addu'a dai ba na fasa masa. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yalwata masa makwanci, Ya sauƙaƙa masa hisabi, kada a tsare shi saboda ni. Ya ba Hajiya da Inna juriyar rashinsa. Shi kuma mutumin da ban sani ba, wanda aka cire sunan 'yarsa aka sa na tawa, yana can wata unguwa bai ma san an yi ba, Allah Ya ba shi abin da zai gaya mata.